Aiken keke a Garwa: sana'a ce mai ci ko mai mutuwa?

Sani Hausare (Garwa, arewacin Kamaru):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ta gaskiya. Ƙanena ya bar lekol, wato makarantar boko, bana, yana zaune a gida. Ya matsa min in saya masa keke ya riƙa kai wa matan da ke saida kaya ta WhatsApp saƙo, su turare, atamfa, abinci. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Yau moto, wato babur, ya cika gari, gobe irin su Yango, kamfanin kiran abin hawa ta waya, da ke Duwala da Yawunde za su iso mu. Kada in zuba kuɗi a sana'ar da ta kusa shiga kabari. Masu sani ku yi magana.

Abdu Mai Moto (Jambutu):
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, keke a Garwa? A watan Afrilu da zafi ke haura 40? Ka ce yaro ya ɗauki kula daga Jambutu ya taka har Lainde? Kafin ya isa miyar ta yi tsami, shi kuma ya yi laushi. Ka nema masa moto ko na wani ne, ya riƙa kai wa mai shi kuɗin yini.

Garba Tela (Pumpumre):
Abdu, kai kullum maganarka moto. Na nawa ka sha mai yau?

Abdu Mai Moto:
Kar ka tuna min, Garba. Da lita a gidan mai tana sefa 630, a Fabrairun 2023 aka kai ta 730, a Fabrairun 2024 aka kai ta 840. Da muna fakewa da zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi ta bayan fage daga Najeriya, kwalba a bakin titi da arha. Tun da Tinubu ya cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ita ma ta daina yi mana sauƙi. Amma duk da haka moto moto ne. Abin da zan yi a minti goma mai keke sai ya yi rabin awa yana haki.

Baba Mai Faci (Yelwa):
Jikana ne ke rubutawa, ni faɗa nake. Sani, aiken keken da kake tsoron ya mutu ai ya riga ya mutu tuntuni. Lokacin da na kafa rumfar nan, ɗan aike wasiƙa yake kaiwa, da kuɗi a ƙulle cikin leda, da goron ɗaurin aure gida-gida, da sanarwar rasuwa. Alhaji na zaune a babbar kasuwa sai ya tura yaro tasha ya gano ko motar Mubi ta iso. Duk waya ta cinye wannan. Yanzu kafin a gama wanke mamaci an ji a Jidda. Kuɗi kuwa Orange Money da MoMo sun ɗauke, ba mai ba yaro jaka 50, wato sefa dubu 50, ya soke a ƙugu ya ratsa gari.

Amma ga abin da idona ke gani a rumfa. Kafin tsadar mai, masu zuwa wurina 'yan lekol ne da tsofaffi irina. Yanzu tsofaffin kekuna Fonis ake zarowa daga ɗakin ajiya, ƙura ta rufe su, a ce Baba canza taya, ɗaure sifok, wanke kaca. Daga nan a wuce wurin mai walda ya ƙara wa kariya ƙarfe ta faɗaɗa, a ɗaure kwando a kai da robar tsohon tif. Wanda ya faɗaɗa kariya ba yawon shan iska zai je ba. Waya ta kai magana, ta kai kuɗi, amma kular dambu har yanzu sai mutum ya ɗauka.

Hajiya Mai Turare (Fulɓere):
Salamu alaikum. Baba barka da aiki. Malam Sani, ni ina cikin matan da kake magana a kansu, bari in faɗa maka yadda abin yake daga cikin gida. Da safe ina sa kaya a waya, humra, turaren wuta, wani lokaci lalle. Kafin azahar mata sun yi magana. Ƙaramar kwalbar humra ribar da ke kanta ba ta taka kara ta karya ba. In na ba mai moto, kuɗin kaiwa ya lashe ribar. In na ɗora wa mai saye, ta ce ta fasa. Yaron da ke min aike da keke yana jira saƙo ya taru na hanya ɗaya, ya fita sau ɗaya bayan la'asar da rana ta yi sanyi, kowace ta biya kaɗan. Shi ya tashi da abin kirki, ni ban yi asara ba. Turare ba ya tsami, Abdu.

Sannan akwai abin da ku maza ba ku lura da shi. Mai moto a ƙofar gida yake tsayawa yana ta danna hon. Matar aure ba za ta fito titi karɓar turare ba, sai ta nemi yaron da za ta aika, in yara suna makarantar allo shi kenan, mai moto ya ƙara gaba yana zagi. Yaron nawa kuwa a gabanmu ya tashi, uwarsa ƙawata ce. Gidajen da aka rubuta ba shiga ma sallama yake yi a ce shigo. Ya san gidan da zai miƙa wa uwargida a hannu, ya san gidan da ba a son kishiya ta ga ledar. Kwatance kuma kun san irin namu: bayan masallaci, ka wuce mai injin niƙa, gida mai ƙofa shuɗiya da dalbejiya a waje. Da na kunna masa muryar mai saye sau ɗaya ya gane gidan, wani lokaci har ya ce ai sun canza fenti.

Garba Tela:
Hajiya, in ya yi gemu fa? Wane maigida ne zai bar shi ya shiga?

Hajiya Mai Turare:
In ya yi gemu ƙanensa ya gada.

Garba Tela:
To kin ga kenan. Ba sana'ar da mutum zai yi aure a kanta ba ce, tsani ne. Ni da aiken ɗinki na fara, ina kai kayan salla gida-gida, a nan na san masu kawo min ɗinki yau. Amma da na tsaya a aike da yanzu ina ina?

Aisha Kwamfuta (Ngaundere):
Ina wuninku. Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma batun kwatance ba hujja ba ce mai daɗewa. WhatsApp ɗin da kike saida kaya da shi yana tura wurin da mutum yake tsaye, yaro ya bi shuɗin ɗigo har ƙofar gida. Yaran yanzu sun iya. Abin da ya rage mana shi ne tsari. Mu nan jirgin ƙasa daga Yawunde a garinmu yake tsayawa, kaya na sauka, ajans-ajans na motoci su ma suna sauke kwalaye. Mutum ya bar shagonsa ya je ya yi layi don ƙaramin kwali. Da akwai manhaja ɗaya da za ka danna a karɓo maka, da an huta. Sai dai mu garinmu hawa da gangara ne, keken ƙafa da kaya wahala ne. Mai batir ya kamata a duba.

Abdu Mai Moto:
Mai batir? Da wace wutar, Malama? Mu da in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya unguwa-unguwa ake raba mana duhu?

Aisha Kwamfuta:
An kafa na hasken rana a Marwa da Gider, an ɗan samu sauƙi. Kuma batirin keke ba firiza ba ne, faranti ɗaya a kan rufi ya ishe shi. Matsalarsa tsadar saye da rashin mai gyara, wannan na yarda.

Baba Mai Faci:
In ya lalace kada a kawo min.

Musa (Faransa):
Gaisuwa ga manya, Baba ina gaisuwa. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma da na ga Aisha na kiran manhaja sai na kasa haƙuri. Ni da wannan aikin nake ci a nan, keke da ƙatuwar jaka a baya. Ba zan kama sunan kamfanin ba.

Ga yadda yini yake. Ka kunna waya ka tsaya kusa da gidajen abinci, ku da yawa, kowa ido a kan allo. Waya ta yi ƙara, ta nuna maka kuɗi da nisa, kana da 'yan daƙiƙu ka karɓa ko ka bari. Ba ciniki, ba wanda za ka ce wa ƙara min. Ka isa gidan abinci ba su gama ba, ka tsaya cikin sanyi hannu na daskarewa, wannan tsayuwar ba a lissafa maka ita. Ka hau bene hawa biyar da ƙafa, mai saye ya karɓa ya rufe ƙofa, in ya ga dama ya rage maka tauraro don miya ta ɗan zuba a leda. Lokacin da suke neman mutane kuɗin ya yi kyau, har na aiko wa gida ina cika baki. Da muka yi yawa sai aka riƙa tsuke shi a hankali, ba sanarwa. Wani abokina ya tashi da safe ya tarar an rufe masa asusu. Wa zai je ya durƙusa wa ya ba haƙuri? Babu ofis, babu maigida, saƙo ne kawai mai layi biyu. 'Yan'uwanmu da ba su da takarda kuwa hayar asusun wani suke yi, su yi zufa su ba mai asusun kasonsa, in mota ta buge su ba sunansu a ko'ina.

Turawan da kansu rigimar suke ta yi. Sifen ta yi doka a 2021 cewa masu kai saƙon nan ma'aikata ne, a ba su haƙƙin ma'aikaci, kafin shekarar ta ƙare kamfanin kai abinci na Deliveroo ya tattara ya bar ƙasar. A Ingila kuwa kotun ƙoli a Nuwamban 2023 ta ce masu keken Deliveroo ba ma'aikatansa ba ne, zaman kansu suke. Tarayyar Turai sai 2024 ta fitar da nata tsarin. In ƙasashen da ke da kotu da ƙungiyar ƙwadago sun sha wannan, a Garwa wa zai tsaya wa ƙanen Sani? Yaron Hajiya ya fi ni gata. In ta rage masa kuɗi uwarsa za ta je ta same ta har ɗaki.

Hajiya Mai Turare:
Wallahi ta taɓa zuwa kuwa.

Aisha Kwamfuta:
Yaya Musa, Allah ya ba da sa'a, na ji zafin maganarka. Amma tsoron da kake ji mana bai ma kusa ba. Manyan nan ba sa rububin zuwa wurinmu. Jumia ta rufe harkarta a Kamaru tun Nuwamban 2019, kuma a lokacin Duwala take, ba Garwa ba. A Disamban 2023 ta rufe ɓangaren kai abinci a Najeriya da sauran ƙasashen da take yi. In Legas da yawan mutanenta ba ta fitar musu da riba ba, kwalbar humrar Hajiya ce za ta fitar? Kamfani sai ya biya ofis, ya biya masu kwamfuta, ya biya talla, duk daga cikin ɗan kuɗin kaiwa. Shi ya sa dole ya matse mai keke. Abin da nake kira ba wannan ba ne. Masu keken su haɗa zaurensu na WhatsApp, su raba gari shiyya-shiyya, su rubuta farashi, mai saida kaya ta jefa saƙo a ciki, na kusa ya ɗauka. Ba wanda ke cire kaso a tsakani.

Musa:
In haka ne ba ni da ja. Sai dai ki lura, ranar da zauren ya yi ƙarfi, mai riƙe da shi zai fara cewa a ba shi na kati. Daga nan ake farawa.

Haruna (Kusiri):
Ku zo gadar Ngeli da safe ku ga ko keke ya mutu. Kekuna da kekunan guragu na hannu, an labta musu sukari da sabulu da kwalaye, suna tsallaka kogin Logon zuwa Njamena suna dawowa. Akwai magidanta da wannan suke ciyar da gida, masu gemu kuwa, Garba. Ɗan kasuwa a can ya kira na nan, a ɗora wa mai keke, kafin babbar mota ta gama layi shi ya je ya dawo.

Abin da nake son ja wa Aisha kunne a kai daban ne. 'Yan'uwanmu na tsallake sun ga abin da ba ku gani ba. Daga Maris 2018 har Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a Cadi, wata 16. Wanda duk cinikinsa ke cikin zaure ya ji jiki, sai mai kuɗin sayen hanyar zagaye. Masu keken gada kuwa ko a jikinsu, don lambobin mutanensu na cikin ƙaramar waya mai maɓalli da kuma cikin kai. Ku yi zauren, amma kowa ya rubuta lambobin masu ba shi aiki a littafi.

Malam Idi (Marwa):
Haruna ya tuna min da namu. Bayan hare-haren Yulin 2015 a nan Marwa hukuma ta taƙaita zirga-zirgar moto, musamman da dare, a ƙauyukan bakin iyaka ma abin ya fi tsanani. Mutanen da suka manta yadda ake hawa keke sai ga su suna koyo da furfura. Haka Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, dubban matasa suka wayi gari ba sana'a. Moto takarda ɗaya daga ofishin gwamna ta isa ta ajiye shi. Wanda zai sa duk jarinsa a kai ya san da wannan.

Abdu Mai Moto:
Malam, Allah ya kiyaye, kada bakinka ya kama mu. Kuma kada masu keke su yi dariya. Mu ana bin mu takardun moto, da lasisi, da inshora, da riga mai lamba, da harajin mairi, wato hukumar gari. Ku ba a bin ku komai don ba a ɗauke ku masu samu ba. Ranar da aka ga kekuna 100 da kwando suna karɓar kuɗi, wallahi mairi za ta tuna da ku, har riga za a ɗinka muku ku saya.

Garba Tela:
In za a ɗinka a kawo min kwangilar.

Sani Hausare:
Na gode ƙwarai jama'a, ina bi. Tambaya ɗaya: kuɗin kayan wa ke karɓa? Yaro ne zai riƙa yawo da kuɗin mutane?

Hajiya Mai Turare:
Nan ne gizo ke saƙa. Mata da yawa ba sa biya sai sun ga kaya sun shinshina. Wasu kuma ba sa son turawa ta waya, don a Janairun 2022 gwamnati ta sa harajin sefa 2 a kowace jaka in ka tura, haka in ka cire, ban da abin da kamfanin waya ke yanka. A kan manyan kuɗi ba komai ba ne, amma mace mai lissafin dala-dala tana gani. To sai a ba yaro a hannu. Wata rana wata sabuwar mai saye ta nuna masa saƙo a wayarta wai ta tura min, ga suna ga adadi. Ya ba ta atamfa ya taho. Ni ko sisi bai shigo min ba, saƙon haɗa shi aka yi. Da ya koma aka ce ba a san ta a gidan ba, baƙuwa ce ta tsaya a zaure.

Abdu Mai Moto:
To wa ya biya?

Hajiya Mai Turare:
Na ce mu raba. Uwarsa ta ce ba ta san zance ba. Zuwan da na ce muku ta yi kenan.

Malam Idi:
Hajiya, da kin tambaya da an gaya miki. Ɗan aike amana aka ba shi, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya saɓa abin da aka umarce shi. Kin taɓa ce masa kada ya saki kaya sai kin kira shi kin ce kuɗi sun shigo?

Hajiya Mai Turare:
A lokacin ban ce ba. Yanzu kam ko 'yar'uwata ce sai na kira.

Malam Idi:
To uwarsa ta fi ki gaskiya.

Abdu Mai Moto:
Mu a moto ba haka muke yi ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka karɓi kuɗin kaiwa, kaya na wuyanka har su isa.

Malam Idi:
Shi ya sa kuke tsada, Abdu, kuɗin asarar na cikin kuɗin kaiwa. Yaron da aka ba 100 ba za a ɗora masa atamfar jaka 15 ba. In ana son ya ɗauki nauyin kaya sai a ƙara masa, kuma a faɗa tun kafin ya ɗaura a kariya.

Aisha Kwamfuta:
Irin wannan ne nake cewa a rubuta. Farashin kusa, farashin nesa, kaya mai fashewa, kaya mai tsada, wa ke biya in an yi asara, da damina in hanya ta yanke nawa za a ƙara. Shafi ɗaya ya isa. Ku na Garwa ku zauna, ni zan tsara muku shi in turo, kyauta.

Musa:
A sa har da in mota ta buge yaro. Ko jaka ɗaya-ɗaya ce a wata ku riƙa tarawa a hannun dattijo.

Garba Tela:
Baba, a rumfarka za a zauna, duk masu keken nan kai suka sani. Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi?

Abdu Mai Moto:
Ni ma zan zo in ji farashin da za ku yanka, kada ku karya mana kasuwa.

Baba Mai Faci:
Ku zo. Amma benci ɗaya gare ni, kowa ya taho da abin zamansa. Masu bashin faci kuma su zo da kuɗina kafin a fara maganar tara wa dattijo.